Mutumin da Na Kashe da Alƙalami

Na sha jin kuna faɗa a tsakaninku, musamman ke Binta, wai mahaifinku ne ya hana ni rubutu, wai da ba don aure ba da yanzu ana karanta littattafaina a makarantu. Allah Ya jiƙansa, bai taɓa hana ni ba. Shi ne ma yakan sayo mini littafin rubutu in ya je Kano, ya ajiye a kan gado bai ce komai ba, ni kuma in miƙa wa ɗayanku ya tafi da shi makaranta. Tun ban san shi ba na ajiye alƙalami, ina aji huɗu a makarantar 'yan mata ta kwana a Kano, kuma da hannuna na ajiye. Yanzu da duk waɗanda abin ya shafa suka riga mu gidan gaskiya, bari in gaya muku yadda aka yi.

Gidanmu na Dutse kun san shi, amma ba ku san shi da Iya a ciki ba. Iya ita ce ta haifi Baba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai saurin tafiya, ɗakinta yana gindin dabinon nan da iska ta kayar tun kafin a haife ku. Ita ke mana tatsuniya, kuma ta iya, har yaran maƙwabta sukan taru a ƙofarta. Aibinta ɗaya a wurinmu, ba ta kisa. In an zo ƙarshe, inda kowa ya san sarki zai sa a kai mugu kasuwa a sare masa kai, sai Iya ta ce sarki ya sa an ba shi goran ruwa da ɗan guzuri, an raka shi bayan gari, an ce kada ya sake dawowa. Mu kuwa mu yi ta ƙorafi.

"Iya, a gidan su Lami kashe shi ake yi."

"To ku je gidan su Lami a kashe muku. Ni nawa ya tafi."

"Ina ya tafi?"

"Inda ƙafarsa ta kai shi. Ku tashi, ƙurunƙus."

Baba shi ne ɗanta na fari, kuma ku da kuka tashi a wannan zamani ba za ku gane irin kunyar da ke tsakaninsu ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune. Yana iya tsayawa a tsakar gida, ita tana taku uku daga gare shi, sai ta juya wajen Inna mahaifiyata ta ce, a gaya wa mai gidan nan rufin ɗaki yana yoyo. Shi ma ya dubi Inna ya ce, a ce mata gobe za a gyara. Haka suka rayu, kuma ban taɓa ganin uwa da ɗa da suke son juna kamarsu ba. Mutanen gari suna kiransa Malam Audi, na kuma san Audi suna ne na wanda aka haifa bayan rasuwar ubansa. Iyakar abin da na sani game da kakana ke nan: ya rasu Baba yana ciki, daga baya Iya ta auri Malam Habu wanda ya riƙe Baba. Ban san sunansa ba. Iya ba za ta faɗi sunan miji ba ko da ya shekara ɗari a ƙasa, Baba bai taɓa ambata ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Da ni Iya take sakewa, kamar yadda kaka take da jika. Kulu 'yar boko take ce mini, in na dawo hutu ta kama hannuna ta duba, ta ce alli ya cinye mini lalle.

A shekarar da nake ba ku labari, malaminmu na Hausa, Malam Isiyaku, ya ce kowace ɗaliba ta rubuta ƙagaggen labari. Wanda ya fi kyau, mai shi za ta karanta a gaban iyaye da manyan baƙi ranar ba da kyaututtuka, sannan a aika da shi a buga a cikin littafin karatu na 'yan makaranta. Ya kuma ce da hannunsa zai rubuta wa yarinyar takardar shaida zuwa kwalejin horon malamai. Babu abin da nake so a duniya a lokacin kamar in shiga kwalejin nan. Na zauna na rubuta labarin wani azzalumin mai gari, na kai shi ƙarshe kamar yadda na saba ji a gida: aka raka shi bayan gari, ya tafi. Malam ya kira ni bayan an tashi daga aji, littafin yana buɗe a gabansa.

"Hauwa, hannunki yana da kyau, amma labarinki ba shi da ƙarshe."

"Malam, ai an kore shi."

"An kore shi. Mai karatu ya bi mugun nan shafi goma yana cin zalin mutane, zuciyarsa ta cika fal, sai ki ce masa ya tafi? Ki tara mini garin duka a wuri ɗaya, sarki da talaka, wanda aka zalunta da wanda ya gani ya yi shiru, kowa ya kalla da idonsa. Hukuncin da aka yi a ɓoye ba ya koya wa kowa komai. A kasuwa ake rufe irin wannan labari. Je ki sake."

Na fita ina jin haushin Iya, don a ganina ita ta cuce ni. Ranar Asabar muna wanki a bakin famfo na gaya wa ƙawata Asabe, 'yar wajen Kiyawa. Ta ce in mugu nake nema na gaske, ai a ƙasarsu aka yi shi. Ta ba ni labarin Jibo Gagara, wanda ba yaron da bai san shi ba a wajensu: ɗan fashi ne a farkon zuwan Nasara, ya tare hanya, ya kashe mutum arba'in, ƙarfe ba ya kama jikinsa, har ranar da aka kai shi kasuwa takobi ya karye sau biyu a wuyansa, sai da aka kwance masa layu. Tun ba ta gama ba na ji labarin ya zauna mini. Sati biyu na yi ina rubutu. Na ba shi jajayen idanu da murya kamar ta kura. Ƙarshen kuwa na zuba masa duk abin da na iya. Na sa makaɗa, na sa mata a kan katanga, na sa shi yana zagin jama'a har numfashinsa na ƙarshe, da kan nasa ya faɗi ƙasa na sa aka rangaɗa guɗa, aka kece da ruwan sama, gari ya wanku. Malam Isiyaku ya karanta a tsaye, ya rufe littafin, ya ce wannan shi ne labari. Ya sa na kwafe shi da kyau a sabon littafi ya kulle a aljihun teburinsa. Ni kuma na taho hutun damina da tsohon kwafin a cikin akwati, ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna.

Kwana biyu da dawowata, bayan la'asar, na ce zan karanta musu. Inna tana tsinkar zogale, ƙannena sun kewaye ni, Iya tana bakin ƙofarta da carbi. Baba ma, wanda ba ya zama cikin mata, ya jawo buzu ya zauna daga can gefe, don tun da na rubuto masa cewa ni zan yi karatu a gaban manya ya ba da ɗinkin sabuwar riga, ya ce ko a ƙasa zai je Kano. Na miƙe tsaye kamar yadda aka koya mana, na ɗaga murya. A layin farko na kira sunan. Na ga hannun Inna ya tsaya a cikin faifai, amma na ɗauka daɗin labarin ne. Ƙannena suna ta dariya, suna kwaikwayon muryar Jibo. Da na kai inda takobi ya karye, Baba ya tashi, ya naɗe buzunsa, ya ce zai je masallaci. Rana ba ta ko yi ja ba. Na ci gaba, don ina ganin wurin da ya fi daɗi ne ya rage. Na yi guɗar da bakina. Da na gama, yara suka tafa. Inna ta ɗauki faifanta ta shige madafa. Iya kuwa ba ta motsa ba, carbin yana hannunta amma ba ta ja.

"Iya, kin ji yadda ake ƙarshe?" na ce da ita cikin wasa. "Ba goran ruwa."

"Na ji, 'yar boko," ta ce. Ta shiga ɗaki.

Washegari da hantsi, maza sun tafi gona, ta aiko a kira ni in taya ta tsince wake. Muka zauna a inuwar dabinon, tire a tsakaninmu. Ta yi magana tana tsinta, ba ta ɗago ba.

"Kin san ba a tatsuniya da rana."

"Na sani, Iya."

"To wannan da rana zan faɗa miki, don ba tatsuniya ba ce. Mutumin nan da kika yi ta kira jiya, sau nawa kika kira shi?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Ni shekara biyu na zauna da shi, ban kira ko sau ɗaya ba."

Ban gane nan take ba. Sai da na dubi hannunta, na ga tana mayar da tsakuwa cikin waken da ta riga ta tsince, sannan na fahimci mijinta take nufi, kakana.

Zan rubuta muku abin da ta ce kamar yadda na riƙe shi, ban ƙara gishiri ba, don na riga na ga abin da gishirina ya yi. Ta ce ba ɗan fashi ba ne. Manomi ne a wani ƙauye a hanyar Kiyawa, kuma mai hawan dabino, a kira shi ya hau ya sauko wa mutane da 'ya'ya a ba shi rabonsa. Ta ce mutumin da na rubuta ƙarfe ba ya kama shi, tsoron kare yake ji, in za su wuce gidan da ke da kare sai ya sa ta a gaba. Yana da saurin fushi, wannan gaskiya ne. Gonarsa tana iyaka da ta ɗan baffansa, layin gamba ne ya raba su. Wata damina ɗan baffan ya tuge gambar ya matsa da ita, suka yi cacar baki, ya ɗaga fartanya ya buga masa sau ɗaya a ka. Bayan kwana biyu mutumin ya cika. Da ƙafarsa ya je gidan mai gari ya ce shi ne. Aka ɗaure shi aka tafi da shi Kano a ƙasa. Magadan mamacin suka ce ba su yafe ba, kuma haƙƙinsu ne. Bayan wata biyar aka dawo da shi, aka yi shela ƙauye-ƙauye cewa ranar kasuwa kowa ya fito, don a lokacin Nasara ba su daɗe da zuwa ba, ana so mutane su ga cewa hukunci yana nan bai tafi ko'ina ba.

"Kin sa makaɗa," ta ce. "Ba a yi kiɗa ba. Kin sa guɗa. Wa zai yi guɗa, Kulu? Rabin kasuwar danginsa ne, rabi dangin wancan, kuma dangin ɗaya ne. Ban taɓa jin kasuwa ta yi shiru haka ba. Har kukan akuya ana ji daga bayan gari."

Ta ce akwai dogarai, akwai hauni, wato mai sara, wani dattijo da ba wanda ya san shi. Akwai Nasara guda ɗaya a kan doki a inuwar tsamiya, yana ta duba wani abu a tafin hannunsa, sai bayan shekaru ta gane agogo ne. Ita tana da cikin Baba wata bakwai. An hana ta fita, ta zame ta bayan gida, ta lulluɓe, ta tsaya a bayan mai sayar da tukwane. Da aka fito da shi ba ta gane shi ba da farko, ya rame, gashi ya cika masa kai. Bai zagi kowa ba. Ya roƙi a kwance masa hannu ya yi salla, aka kwance. Ya nemi ruwan alwala. Ta ce randuna cike suke a kasuwar, amma ba wanda ya motsa, ba don mugunta ba, kowa yana tsoron a ga shi ne ya fara. Da ya ga haka sai ya durƙusa ya dafa ƙasa ya yi taimama. Ya tambayi wani dogari ina gabas, don ya rikice, dogarin ya nuna masa. Ya yi raka'a biyu.

"Da ya sallame sai ya fara dube-dube. Ya dubi nan, ya dubi can. Na san ni yake nema. Ya san ina da ciki, bai sani ba ko na sauka. Na buɗe baki, Kulu. To me zan ce? Sunansa ba na faɗa. In ce Malam, malamai sun fi ashirin a wurin. A ɗaki ba na bukatar suna, in na yi gyaran murya ya san da shi nake."

Ta ture tiren gefe.

"Sai na yi gyaran murya. A kasuwa."

Bai ji ba. Idonsa ya wuce ta kan tukwanen, ya wuce ta, ya tafi wani wajen. Daga nan ta rufe ido. Ta ce takobi bai karye ba, sau ɗaya ne, kuma ƙarar ba ta kai yadda mutum zai zata ba. Ta ji jama'a sun ɗauki salati. Ba a yi ruwa ba, rana ce ƙwal. Kafin azahar an koma ciniki, har mai tukwanen, wadda ba ta san ko ita wace ce ba, ta ce mata, baiwar Allah, matsa kin tare mini kaya.

Ina kuka na ce an zalunce shi. Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da muka zauna.

"Kada ki ƙara faɗa. Laifi ya yi. Matar wancan ma an bar ta da 'ya'ya uku, tare muke zuwa rijiya. Ban taɓa cewa an zalunce shi ba, hukuncin Allah ne ya hau kansa, ina kuma fatan ya zame masa kaffara. Amma ba don a ji daɗi aka yi ba. Jiya na ga jikokinsa suna tafi."

Ta ce bayan ta haihu ta gama wanka, kawunta ya ɗauko ta ya kawo ta Dutse, don a can ba ta iya ratsa kasuwa. Labarin kuwa ya ci gaba da girma a bayanta. Mutum ɗaya ya zama goma, goma ta zama arba'in, fartanya ta zama takobi. Na tambaye ta ko Baba ya sani.

"Yara sun gaya masa a wurin kiwo tun yana ƙarami. Me suka gaya masa, ban sani ba. Ni dai ban taɓa ba. Da wane baki?"

"Iya, in yaga?"

"Naki ne. Ni ban san boko ba. Na dai ji an ce ya ba da ɗinkin riga."

Na ga abin a idona: Baba cikin sabuwar riga a tsakiyar iyaye, mahaifin Asabe da sauran mutanen wajen Kiyawa, waɗanda tsofaffinsu suka san ko ɗan wane ne Malam Audi, suna zaune a bayansa, ni kuma a kan dandamali ina rangaɗa guɗa. Bayan haka a buga a littafi, yaran ƙasar nan duka su haddace, har 'ya'yan da zan haifa. Na yaga tsohon kwafin a ranar. Amma mai kyan yana Kano, a kulle.

Da muka koma makaranta na sami Malam Isiyaku na ce ina so in janye labarina. Ya zaci wasa nake.

"Dalili?"

Na sunkuyar da kai. Sirrin ba nawa ba ne, na Iya ne da Baba, ba ni da izinin buɗe shi a ofishin malamai.

"To in sake ƙarshen, Malam."

"Ki sake me? Ƙarshen shi ne labarin. An riga an sa sunanki a takardar shiri, shugabar makaranta ta karanta ta yaba. In kunyar jama'a kike ji, sai in ba wata ta karanta a madadinki. Labarin dai za a karanta shi."

Na koma sau biyu, amsar ba ta canja ba. Ban ga laifinsa ba, har yau. Mutum ne mai son aikinsa, ya ga abu mai kyau yana so duniya ta gani, ni kuma na ƙi ba shi dalili. Kwana tara ya rage. Na yi ta addu'a Allah Ya kawo wata mafita, ko a ɗage bikin, ko littafin ya ɓata da kansa. Ba abin da ya faru. Ranar Laraba ajinmu ke da sharar ofishin malamai da safe. Na san inda yake rataye makullin. Ni da ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, na buɗe aljihun teburin malamina, na zaro littafin, na sa a cikin zane. Na bi ta madafar makaranta, masu dafa abinci suna can suna tankaɗe, na cusa shi a murhu a ƙarƙashin tukunyar koko. Na tsaya har bangon ya naɗe.

Kafin azahar an gane. Aka fara tuhumar dattijon da ke gadin ofis, na ji ana cewa za a sallame shi. Wannan kam ba zan iya ɗauka ba. Na je na ce ni ce. Shugabar makaranta ta tambaye ni dalili har sau uku, na ce ba ni da abin faɗa. Washegari a taron safe aka kira sunana, aka ce in hau kan dandamali, wanda a kansa ne da zan yi karatun. Aka gaya wa makaranta duka cewa na buɗe teburin malami na yi sata. Ba a taɓa jikina ba, tsayuwa ce kawai ta kamar minti goma. Amma ɗalibai wajen ɗari uku sun zuba mini ido, ba mai tari, kuma na sami kaina ina bin layuka da kallo, ina neman fuska ɗaya da ta san ni. Na sami Asabe. Kanta yana ƙasa.

Aka cire ni daga shugabancin ɗakin kwana. Wata yarinya ta karanta nata labarin ranar bikin, ita aka rubuta wa takardar, ta tafi kwalejin, na ji daga baya har ta zama shugabar makaranta, Allah Ya ƙara mata. Malam Isiyaku bai sake kiran sunana a aji ba har na gama. Wannan ya fi mini ciwo fiye da kwalejin. Na gwada rubutu bayan haka, ba sau ɗaya ba. Ina farawa lafiya, amma da na kawo mugu, na fara shirya masa abin da zai same shi, sai in ga wata mace a bayan tukwane wadda ban sa ta a labarin ba. In na bi ta, labarin ya tafi wani wajen. In na ƙyale ta, hannuna ya ƙi. Ban ce marubutan da ke rufe labari da kisa a gaban jama'a sun yi laifi ba, na karanta da yawa, wasu har sun sa ni kuka. Ni dai ban iya ba, kuma ban iya wani ƙarshen ba, sai na bari.

Saura abu ɗaya. Makaranta ta aika wa Baba takarda, wani malamin firamare ya karanta masa. Bai je Kano ba, rigar ma ban taɓa ganin ya sa ta ba. Da na dawo hutu na gaishe shi ya amsa, bai ƙara komai ba, har kwana uku. A rana ta huɗu da hantsi ya aiko a kira ni zaure. Na same shi shi kaɗai yana tufkar igiyar rama. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"An ce kin ɗauki abin da ba naki ba."

"Nawa ne, Baba."

"Yana ina?"

"Na ƙone shi."

Ya ci gaba da tufka. Na ɗauka ya gama, har na yunƙura zan tashi.

"Tsohuwar nan ta yi magana da ke?"

"Ta yi."

"Duka?"

"Duka, Baba."

Mutum ne da ya kusa sittin a lokacin, da furfura a gemunsa, limamin unguwa yakan ba shi jan salla in ba ya nan. Amma da ya sake magana, muryar da na ji ba tasa ba ce ta kullum, kuma bai dube ni ba.

"Zan tambaye ki abu. In ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba. Kada ki gyara mini."

"To, Baba."

"Ya samu ya yi salla?"

Sai a lokacin na gane. Uwar da ta gani da idonta tana taku ashirin daga zauren nan, shekara hamsin da wani abu suna cin tuwo daga tukunya ɗaya, bai iya tambayarta ba, ita kuma ba ta iya gaya masa ba. Abin da yara suka faɗa masa a wurin kiwo, shi ne abin da 'yarsa ta tsaya a tsakar gidansa ta karanta masa da ƙarfi.

"Ya yi, Baba. Raka'a biyu. Bai sami ruwa ba, taimama ya yi. Har ya tambayi gabas aka nuna masa."

"Bai zagi kowa ba?"

"Bai zagi kowa ba. Da ya sallame, Iya yake nema. Yana so ya san ko an haife ka."

Baba ya ce alhamdu lillahi, a hankali, sau biyu. Ya koma kan igiyarsa, amma bakin ramar ya ƙi kamuwa, sau uku yana kamawa tana kuɓuce masa. Na matsa kusa na riƙe masa ɗaya bakin. Bai hana ni ba. Haka muka yi ta tufka har aka kira azahar.